WA KE DA IKON SHIGA GIDANKA, WA KE DA IKON BUƊE JAKAR ƊIYARKA? TARIHIN DOKAR BINCIKE A ƘASARMU



A shirinmu na marece na makon jiya an yi kira biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko wata dattijuwa ce. Ta ce wasu masu kaki sun zo unguwarsu can tsakar dare suna neman jarkokin mai a gidan maƙwabci, da ba su samu ba sai suka faɗo nata gidan, har ɗakin surukarta mai jego. Tambayarta guda ce: “Ɗana, haka doka ta ce?” Na biyu yarinya ce ƴar kolej. An kama waya a jakarta, aka karɓe, wannan ba ta yi gardama ba. Abin da ya sa ta kuka shi ne an tilasta mata ta buɗe wayar, aka karanta saƙonninta a gaban ƴan aji.

Lokaci ya ƙure mana a ranar, na yi alkawarin zan kawo amsa a rubuce. To ga ta, amma ku yi haƙuri, sai mun koma baya kaɗan, don wannan tambaya ta girmi jamhuriyar Nijar kanta.

SALLAMA DA ZAURE

Tun kafin a san takarda da hatimi a ƙasar nan, gidan Bahaushe yana da dokarsa. Namiji baligi iyakarsa zaure, sai in mai gida ya ce a shigo. Har yau za ka ga ƙofar da aka rubuta wa “ba a shiga” da gawayi ko farar ƙasa. Ka yi sallama sau uku, ba a amsa ba, ka juya. Malamanmu sun karantar da mu cewa wannan ladabi yana da tushe a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, inda aka hana shiga gidan wani ba tare da izini ba, kuma Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane.

Akwai labarin da malamai ke yawan kawowa a wa'azi game da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Yana zagayen dare a Madina sai ya ji hayaniya a wani gida, ya haura katanga, ya tarar da mutum yana shan giya. Mutumin bai musa laifinsa ba. Sai dai ya nuna wa Halifa cewa shi laifi ɗaya ya yi, shugaba kuwa ya yi uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ta katanga ya bar ƙofa, ya kuma shigo babu sallama. Umar ya karɓi maganar ya fita. Ku riƙe wannan labari, don duk dokokin da za mu ambata a gaba a kansa suke zagayawa: mai iko yana iya zama da gaskiya a zarginsa, amma ya yi kuskure a hanyar da ya bi.

Sai dai kada mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Sallama tana ɗaure maƙwabci da baƙo, amma ba kullum take ɗaure dogarin sarki ba. In fada ta yi fushi da mutum, ana iya washe gidansa a wuni guda. Talaka abin da ya rage masa shi ne ya kai kuka wurin alƙali, ko ya sami malamin da sarki ke jin kunyarsa, ko ya ɗaure kayansa ya bar ƙasar.

1799 A FARANSA, 1899 A DAMAGARAM

A watan Disamba na 1799 Faransa ta yi sabon kundin tsarin mulki, wanda ya ɗora Napoleon a kan mulki. Sashe na 76 na kundin ya mai da gidan duk wanda ke zaune a ƙasar Faransa mafakar da ba a ketawa. Da dare ba mai shiga sai in gobara ce, ko ambaliya, ko wani ya yi kururuwar neman taimako daga ciki. Da rana kuwa sai da dalilin da doka ta ambata ko umarnin hukuma. Ingila ta riga su: a 1765 wata kotu ta ci manzannin sarki tara saboda sun fasa gidan wani marubuci mai suna Entick sun kwashe takardunsa da umarnin minista kawai. Amurka ma ta sa irin wannan kariya a gyara na huɗu na kundinta a 1791.

Yanzu ku ƙirga shekara ɗari daga 1799. A 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, ta yi ɓarna a Lugu da Birnin Ƙonni. A ƙarshen watan Yuli na shekarar ragowar rundunar ta ci yaƙin Tirmini ta shiga Damagaram, aka kuma kashe Sarki Amadu Kuran Daga bayan ƴan makonni. Mutanen da kundinsu ya hana a taka ƙofar talaka da dare su ne suka zo nan da wuta. Wannan kariya ba ta hau jirgi ta biyo su ba, don a lissafinsu kakanninmu ba ƴan ƙasa ba ne, talakawan mallaka ne.

Abin da aka kawo mana a madadinta shi ne dokar andijena. A ƙarƙashinta kumandan shi ne mai zargi, shi ne alƙali, shi ne mai kaso. Yana iya ɗaure mutum har kwana 15 ya ci shi tara har tamma 100 ba tare da an shiga kotu ba. Laifuffukan kuwa su ne irin jinkirin biyan lanho, ƙin fita aikin dole, ko abin da kumandan ya ga raini ne. A irin wannan tsari wa zai tsaya a bakin zaure ya tambayi gardi takardar izini? Ana shiga gida neman wanda ya gudu daga aikin hanya, ana buɗe rumbu a ga ko an ɓoye hatsi, ana ƙirga kawuna da bisashe don haraji. Ko sarki bai tsira ba. A 1906 Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923.

Mu nan kudu abin ya zo mana da wani salo, saboda iyaka. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1904 da ta 1906, da ayarin Tilho da O'Shee da suka bi daji suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908, su suka raba ƙasar Daura biyu, Zango da Baure can, Magarya nan. Iyakar da ta raba dangi ita ce kuma ta zama ƙofar tsira: in lanho ya yi nauyi ko an zo ɗibar soja, sai gida guda ya tashi cikin dare ya kwana a ƙasar Ingilishi. Wani Ba'amurke mai suna William Miles, wanda ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo daga baya ya zauna a Yekuwa nan kusa da mu da kuma Ƴardaji ta Najeriya yana tambayar tsofaffi. A littafin da ya fitar a 1994 ya nuna cewa a ɓangarorin biyu an tuna mulkin Faransa da zafin hannu fiye da na Ingila. Wanda ke da kaka a raye ya tambaye ta, zai ji fiye da haka.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu aka sauke wannan kaya. Dokokin Disamba 1945 da Fabrairu 1946 suka soke hukuncin andijena. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar Houphouët-Boigny ta haramta aikin dole, ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta ba mutanen mallaka matsayin ƴan ƙasa. Kusan shekara hamsin ke nan ana shiga gidajen mutane ba sallama, kuma tsoron da aka shuka a lokacin bai mutu da takarda ba. Har yau akwai dattijon da in ya hango kaki sai ya cire hula.

DOKA A TAKARDA, TSORO A GARI

Mun sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Shekara guda bayan haka majalisa ta yi manyan dokoki biyu: dokar hukunta laifuffuka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, da dokar tsarin shari'ar laifi mai lamba 61-33 ta 14 ga Agusta 1961. Ta biyun ce ta shafe mu a yau. An ɗauko ta kusan sak daga ta Faransa, kuma da ita ne a karon farko aka rubuta wa ɗan Nijar, a dokar ƙasarsa, wanda ke da ikon bincika gidansa, da lokacin da za a yi, da wanda dole ya tsaya shaida.

Ba a daɗe ba aka gwada ƙarfinta. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, an haramta ta a 1959, ga shi kuwa tana da magoya baya da yawa a jihar Damagaram. A watannin Satumba da Oktoba na 1964 mayaƙanta suka ƙetaro iyakoki da makamai, wasunsu ta Najeriya. Gwamnatin Diori Hamani ta sa sojoji da jandarmomi da ƴan bangar jam'iyyar RDA farautarsu, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Bayan an jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla a Afrilu 1965 kame ya ƙaru. A garuruwan bakin iyaka irin namu, ɗan uwanka ya kwana gidanka daga Kano ya isa a zo a birkice ɗakunanka. Dokar 1961 tana nan a littafi a duk tsawon wannan lokaci. Wanda zai buɗe ta ya karanta wa ɗan banga ne babu.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, Seyni Kunce ya dakatar da kundin tsarin mulki. Iyayenmu suna yabon zamaninsa da tsari da riƙon amanar dukiyar ƙasa, kuma suna da hujjarsu. Amma su ɗin dai su ne ke ba mu labarin yadda ake rage murya in an zo maganar gwamnati ko da a tsakar gida ne, saboda ofishin leƙen asiri na BCL, wanda ya samo asali tun zamanin Diori, yana da kunne a tasha da kasuwa da majalisar shayi. Bango ma yana da kunne, in ji mutanen lokacin. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya sassauta.

Abin lura, ƴan makaranta ne suka buɗe ƙofar da ta biyo baya. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu a ƙidayar hukuma. Daga nan guguwa ta tashi har ta kai ga babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda ɗan Damagaram Farfesa Andre Salifu ya shugabanta. Kundin da aka amince da shi ranar 26 ga Disamba 1992 ya rubuta cewa gida ba a keta shi, waɗanda suka biyo baya suka riƙa maimaitawa. A kundin 25 ga Nuwamba 2010 maganar tana sashe na 27: ba bincike, ba kame a cikin gida, sai ta hanyar da doka ta tsara. Sashe na 29 kuma ya kare asirin wasiƙa da sadarwa.

Na san wani zai ce ai an dakatar da wannan kundi tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yanzu kundin sake gina ƙasa na 26 ga Maris 2025 ne ke aiki. Haka ne. Amma dakatar da kundi bai rufe kotuna ba, bai kuma shafe dokokin shari'ar laifi ba. Yarjejeniyar duniya kan ƴancin jama'a da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986 a zamanin Kunce kansa, sashenta na 17 ya hana kutsawa cikin gida da asirin mutum ba bisa ƙa'ida ba, kuma sa hannunmu yana kanta.

TO ME DOKAR TA SHIMFIƊA?

An yi wa dokar 1961 gyare-gyare, babba daga ciki a 2003, amma ginshiƙan da ta kafa su ne waɗannan.

Na ɗaya, ba duk mai kaki ne ke da ikon binciken gida ba. Aikin jami'in da ake kira OPJ ne, wato jami'in ɗan sanda ko jandarma da doka ta ba matsayin binciken laifi a ƙarƙashin mai shigar da ƙara na gwamnati, ko kuma alƙalin bincike da kansa.

Na biyu, a nan finafinai suka ruɗe mu. Ba kullum ne sai da takardar alƙali ba. In laifi ne da aka kama ana cikin yi ko yanzu aka gama shi, OPJ yana iya shiga ba takarda. In alƙalin bincike ne ya aiko shi, to da umarni a rubuce yake tafe. In kuwa binciken farko ne kawai, an ji ƙishin-ƙishin ana son a tabbatar, sai da yardar mai gida, kuma yardar a rubuce.

Na uku, lokaci. Ba a fara binciken gida bayan ƙarfe 9 na dare, sai a jira asuba, in ba wani ne ya yi kira daga cikin gidan ba. Wanda aka fara da rana yana iya kaiwa dare.

Na huɗu, ana yi ne a gaban mai gida. In ba ya nan, wakilin da ya zaɓa, in babu, shaidu biyu waɗanda ba yaran jami'in ba ne.

Na biyar, duk abin da aka ɗauka sai an lissafa shi a takardar PV, an rufe an buga hatimi, an sa hannu. In an tsallake waɗannan matakai lauya yana iya neman kotu ta soke binciken. Jami'in da ya shiga gidan mutum ba bisa doka ba kuwa, dokar hukunta laifuffuka ta tanadar masa hukunci.

Akwai togiya, kuma wajibi ne in faɗe ta don kada wani ya je ya yi gardamar da za ta ja masa wahala. Dokokin yaƙi da ta'addanci da na miyagun ƙwayoyi sun ba jami'ai sarari fiye da na sauran laifuffuka. Inda aka kafa dokar ta-ɓaci, kamar jihar Diffa tun Fabrairu 2015 da wasu sassan Tillaberi da Tawa tun 2017, hukuma tana da ikon bincike dare da rana. Duwan ma dokarsu daban ce: a yankin iyaka suna da ikon duba kaya da mota da matafiyi, shi ya sa tsayar da kai a hanyar Tinkim ba daidai yake da shiga ɗakin matarka ba. Mu da muka ga rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, muka sake gani daga 2023 zuwa Maris 2024, mun san yadda fasa-ƙwaurin mai da shinkafa ke sa layin nan ya dushe.

Amsar dattijuwarmu ke nan. Hajiya, in yadda kika faɗa haka ya faru, tsakar dare, ba kira daga ciki, ba a gidanki ake zargin kayan suke ba, to dokar da muka karanta ba haka ta ce ba.

JAKAR ƊAN LAKWAL

Ina aji biyu na kolej aka ce jika biyu ta ɓace a ajinmu. Sirbeyan ya shigo ya rufe ƙofa, ya ce kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa, layi-layi. Da aka zo kan wata yarinya sai ta rungume tata ta ƙi saki. Ya fizge ya zazzage. Ba kuɗi a ciki, ƴan tsummokaran da mata ke amfani da su lokacin al'ada ne suka zubo a gaban maza fiye da arba'in. Aji ya fashe da dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Kuɗin ba a gan su ba har yau. Ita kuwa ta zo kwana biyu a makon da ya biyo, daga nan ba mu sake ganinta ba. Da aka yi dokar Disamba 2017 ta kare karatun ƴaƴa mata, ita na fara tunawa. Muna lissafa talauci da auren wuri cikin abin da ke fitar da yarinya daga lakwal, ba mu cika lissafa kunya ba.

Ban kawo wannan don in ci mutuncin malamai ba. Mushe da ke riƙe da yara saba'in ko tamanin shi kaɗai, ga tramol ya shigo har ƙauye, ga wuƙa a ƙugun wasu samari, ga satar jarrabawa ta WhatsApp lokacin BEPC da BAC, ba za a ce masa ya naɗe hannu ba. Uban da ya kai ɗansa makaranta amana ya kai. Tambayar ita ce ina iyakar wannan amana.

Ƙasar da ta fi tattauna wannan a kotu ita ce Amurka. A 1980, a jihar New Jersey, an kama wata ɗaliba ƴar shekara 14 tana shan taba a makewayi. Ta musa, mataimakin darakta ya buɗe jakarta, ya ga taba, ya ci gaba da lalube har ya sami wiwi da jerin sunayen masu bashi. Magana ta kai kotun ƙoli, ta yanke hukunci a Janairu 1985. Ta ce ɗalibi ba ya ajiye haƙƙinsa a ƙofar makaranta, amma malami ba ya bukatar takardar alƙali. Sharaɗi biyu ta gindaya: a sami dalili mai ma'ana na zargin wannan ɗalibin tun kafin a fara, kuma zurfin binciken ya dace da girman laifin da shekarun yaron da jinsinsa. A wannan shari'a makaranta ce ta yi nasara.

A 2009 kuma ɗaliba ce ta yi nasara. A garin Safford na jihar Arizona an sa yarinya ƴar shekara 13 ta tuɓe har kamfai ana neman ƙwayar maganin ciwon jiki, saboda wata ƙawarta ta ambaci sunanta. Ba a sami komai ba. Alƙalai takwas cikin tara suka ce an keta haƙƙinta: buɗe jaka da laluben aljihu sun halatta, tuɓe yarinya saboda ƙwayar da ba ta da wani babban haɗari ya wuce gona da iri. Faransa, wadda muka gaji tsarin lakwal daga gare ta, ta yi doka a Agusta 2018 da ta hana amfani da waya a firamare da kolej ta kuma yarda a karɓe ta. Amma a tsarinsu ma'aikacin makaranta yana cewa ne ɗalibi ya buɗe jaka a duba, in ya ƙi a kira iyaye, laluben dole aikin OPJ ne.

Mu fa? A jerin waɗanda dokar 1961 ta ba ikon binciken laifi babu mushe, babu sirbeyan, babu darakta. Ikonsu na tarbiyya ne, daga dokar cikin gida ta makaranta yake fitowa. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1990, sashe na 16 ya kare sirrin yaro da mutuncinsa. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta faɗi haka a sashe na 10, ta ƙara da cewa iyaye suna da haƙƙin sa ido gwargwadon hankali. Wannan ƙarin ya dace da tarbiyyarmu, ba wanda ya ce a sakar wa yaro linzami. Sa ido gwargwadon hankali dai ba zai zama karanta saƙon budurwa a gaban aji ba.

Waya kuwa ta fi jaka nauyi. A 2014 kotun ƙolin Amurka, baki ɗayan alƙalanta tara, ta ce ko wanda aka kama da laifi ba a buɗe wayarsa sai da izinin alƙali, don abin da ke cikin waya ya fi abin da ke cikin gida yawa. Ku duba taku ku gani: hoton iyali, saƙon murya na miji da mata, lissafin bashi, maganar rashin lafiya. Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017. Saboda haka, ƙanwata da kika kira, karɓe wayar yana iya zama daidai in dokar makarantarku ta hana zuwa da ita. Buɗe ta da karanta ta a bainar jama'a wani abu ne daban, kuma mahaifinki yana da bakin tambaya.

Masu zuwa cin kasuwa Maigatari, Daura da Kano, ku ma ku sani can ma akwai irin wannan kariya. Sashe na 37 na kundin Najeriya na 1999 ya kare gida da wasiƙa da maganar waya. Dokar ƴan sandansu ta 2020 ta ce askin mutum ko irin tufafinsa ba hujjar zargi ba ne. Laluben wayoyin samari a kan hanya yana cikin abin da ya hura wutar zanga-zangar EndSARS a Oktoban shekarar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In an zo gidanka, kada ka yi kokawa, kada ka yi zagi, don wannan laifi ne mai zaman kansa, zai kuma rufe naka kukan. Ka yi sallama cikin ladabi ka tambayi ko su wane ne, daga wane ofishi, a kan wace magana. Ka aika a kira mai unguwa ko maƙwabta biyu su tsaya. Ka roƙi a ba mata lokaci su kintsa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba, ka kuma tabbatar an rubuta duk abin da aka ɗauka. In kana ganin an zalunce ka, washegari ka rubuta ranar da lokacin da sunayen shaidu, ka kai kuka kotun Magarya ko wurin mai shigar da ƙara. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don irinsa.

Jami'an tsaronmu ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, wasunsu suna kwana a daji don mu kwana a ɗaki, kuma da yawansu suna bin ƙa'idar nan sarai. Ƙa'idar tana kare su su ma: jami'in da ya yi bincike gaban shaidu ya rubuta PV, ba mai tashi gobe ya ce ya sace masa kuɗin ƙarƙashin katifa.

Makarantu kuwa, shawarata ga kwamitocin CGDES da ƙungiyoyin iyaye ita ce, a taron farkon shekara a zauna da darakta a rubuta abin nan a dokar cikin gida, a karanta wa iyaye da yara da Hausa. A bincika wanda ake zargi da dalili, a bar zazzage aji gaba ɗaya. A yi a ofis gaban babba na biyu. Mace ta duba mace. Ba tuɓe kaya ko da me ake nema. Waya in an karɓa a kashe ta a ajiye har uba ko uwa su zo. In abin ya kai ga ƙwaya ko makami, a kira iyaye a kira hukuma. Layi shida ne, ba ya cin ko dala.

Rashin sani ya fi dare duhu. Kakanninmu ba su da takardar da za su nuna wa gardi, mu muna da ita tun 1961, yawancinmu ba mu taɓa jin abin da ke ciki ba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata da ke gida lokacin da ake buga ƙofa.

A shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu buɗe layi a kan wannan magana, muna kuma gayyatar malaman makaranta da jami'an da suka yi ritaya su kira mu ji ta bakinsu. Hajiya da ta kira, ki gaida mai jego. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da ƙasarmu, ya tsare mutuncin ƴaƴanmu.